Filin Iyaye Mata: Takalmi Ƙafa Ɗaya, Birgima da Shirun da Ba Na Alheri Ba

Wasiƙun wannan watan duk daga iyaye mata ne masu haɗa reno da aiki ko sana'a. Mun rage tsawon wasu, mun cire sunaye kamar yadda muka saba. Ma'aikatan jinya na ɓangaren yara da malaman ajin reno ne suka haɗu suka ba da amsoshin.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Anti. Yarana uku, mai shekara 8, mai 5 da mai 2, kuma ƙarfe bakwai da rabi nake fita aiki. Kullum sai takalmi ƙafa ɗaya ya yi ɓatan dabo, sai babban ya tuna da aikin gida muna bakin ƙofa, autan kuwa sai na gama shirya shi tsaf yake ɓata nafkin. Kafin mu fita muryata ta dushe. Ta ina zan fara? Daga Maman uku.

AMSA: Wa alaikumus salam, Maman uku. Ki fara daga daren jiya. Neman kaya shi ke cinye safiya, kuma duk abin da ake nema da safe ana iya ajiye shi da dare cikin minti 15. Bayan abincin dare kowa ya buɗe jakarsa a gabanki, a duba aikin gida a lokacin. A jera kayan gobe har safa da ɗan kamfai, a wanke gorar ruwa. Ki ajiye kwando ɗaya a bakin ƙofa, dokar kuwa ita ce takalmi ba ya wuce kwandon nan. Ƙafa ɗayar da kike nema tana ƙarƙashin kujera ne saboda a guje aka cire ta.

Ki riga su tashi da minti 20, ki gama naki shirin. Rigar fita ce kawai za ki bari sai ƙarshe, ko ki ɗora tsohuwa a kanta, domin hannun ɗan shekara biyu ba ya rabuwa da maiƙo.

"Ku yi sauri" ba ta da ma'ana a wurin yaron da bai san agogo ba. Mai shekara 5 ya fi riƙe umarni da kyau in an ba shi ɗaya bayan ɗaya. In kika ce "je ka wanke baki ka sa kaya ka ɗauko jaka", za ki iske shi a tsakar ɗaki da buroshi a hannu yana kallon tururuwa. Ki zana masa hotuna biyar a takarda ki manna a bango daidai tsayinsa: bayi, buroshi, kaya, abinci, takalmi. Aikinki ya koma tambaya ɗaya: "Me ke gaba?"

Autan kuma ba da gangan yake yi ba. Da zarar abinci ya shiga ciki hanji yakan motsa, galibi cikin rabin awa, kuma wannan ya fi ƙarfi ga ƙananan yara, musamman bayan karin kumallo. Don haka shi za ki fara ciyarwa, shi za ki yi wa shiri a ƙarshe.

Ki kuma lissafa barcinsu. Mai shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar awa 11 zuwa 14 a yini har da barcin rana, mai 3 zuwa 5 awa 10 zuwa 13, mai 6 zuwa 12 kuma awa 9 zuwa 12. In ƙarfe shida za su tashi, ɗan shekara biyar da ya daina barcin rana ya kamata ƙarfe takwas ta same shi a kwance. Yaron da barci bai ishe shi ba, ko safa sai an yi shari'a da shi. Kada ki kawo sauye-sauyen nan duka rana ɗaya. Kwando da duba jaka a makon farko, sauran su biyo baya.

TAMBAYA: Anti, 'yata mai shekara biyu da rabi ta daina cin abinci. Da tana jaririya komai aka ba ta sai ta lashe cokali. Yanzu loma uku ta kawar da kai, sai na bi ta ɗaki-ɗaki da kwano. Abin haushin, a gidan maƙwabta cinye kwano take yi. Madara kuwa ko sau nawa aka ba ta za ta shanye. Daga wata uwa da ta gaji.

AMSA: 'Yar'uwa, ajiye kwanon ki zauna. Jariri yakan ninka nauyin haihuwarsa sau uku a shekarar farko. Daga nan girma ke rage gudu, ya koma wajen kilo biyu zuwa biyu da rabi a shekara, cin abinci ma ya ragu tare da shi. Idon uwa ne bai rage ba, har yanzu yana auna kwano da cin da aka saba gani. Ma'aunin da ake farawa da shi shi ne cokalin cin abinci ɗaya na kowane nau'in abinci ga kowace shekara ta yaro. Wato 'yarki cokali biyu zuwa uku na abinci mai sitaci, haka na ganye ko kayan lambu, haka na nama, kifi, ƙwai ko wake. In ta cinye ta nemi ƙari, ki ƙara. Tulin abinci a kwano shi kansa yana kashe wa yaro sha'awa.

Babban mai laifi a wasiƙarki madara ce. Bayan shekara ɗaya, rabin lita a yini ya isa, wato wajen kofi biyu. Abin da ya wuce haka yana cika ciki, ga shi madara ba ta da isasshen sinadarin ƙarfe da jiki ke gina jini da shi, don haka yaron da ya maida ita abinci yana iya kamuwa da ƙarancin jini yana kuma ɓulɓul. Ki riƙa ba ta bayan abinci, a kofi, a zaune. Lemon kwalba da na kwali ma haka suke toshe ciki.

Ki tsara abinci sau uku da ɗan abin taɓawa sau biyu, da tazarar awa biyu zuwa uku, tsakani kuma ruwa kawai. Ke ce mai zaɓar abin da za a ci da lokaci da wuri. Ita ce mai zaɓar yawan da za ta ci. Minti 20 zuwa 30 ya yi, ki ɗauke kwano ba faɗa ba roƙo, kuma ba a dafa wani abin daban. In ta ƙi ci, awa biyu ce kawai tsakaninta da na gaba. Bin ta da kwano ya zama wasan tsere, kuma ita ke cin gasar kullum. Akwai haɗari ma, don yaro mai gudu da abinci a baki shi ke saurin shaƙewa. Ɗura kuwa a bar ta kwata-kwata.

Sabon abinci yakan ɗauki gabatarwa sau 10 zuwa 15 kafin yaro ya karɓa. Yawancinmu a karo na uku muke yanke hukunci mu ce "ba ta so". Ki sa ɗan kaɗan kusa da abin da kin san tana ci, ko ta taɓa ta ture, an ci gaba.

Sirrin gidan maƙwabta ba a tukunya yake ba. Can tana ganin wasu yara suna ci, kuma babu wanda ya zuba mata ido yana ƙirga loma. Ki zaunar da ita tare da ku. Ki auna cinta da mako guda, kar ki auna da yini ɗaya. In nauyinta ya tsaya ko yana raguwa a katin awo, ko tafin hannunta da cikin idonta sun yi fari, ko tana yawan kasala, wannan na likita ne.

TAMBAYA: Don Allah wace dabara zan yi in shiga banɗaki ni kaɗai? Da na rufe ƙofa sai in ga yatsu ta ƙasa. Daga Maman Boy.

AMSA: Maman Boy, gaskiya sai haƙuri na ɗan lokaci. Ƙiwa da tsoron rabuwa da uwa sukan yi ƙarfi daga wajen wata 10 zuwa 18, su ragu a hankali bayan shekara biyu. Kada ki sulale a ɓoye, hakan ke sa ya ƙara sa miki ido. Ki ce masa "zan shiga bayi in fito", ki sa shi a gadonsa mai shinge ko wani amintaccen wuri da abin wasa, ki riƙa yi masa magana daga ciki. Kukan minti uku a wurin da ba abin da zai same shi bai cutar da kowa. In ya riga ya iya magana kuwa, ki shirya amsa tambayar "me kike yi?" sau bakwai.

TAMBAYA: Anti, waya ce ke rufa min asiri in ina girki ko ina amsa masu sayen kaya. Amma in na karɓe ta daga hannun ɗana mai shekara 3 sai birgima, ko a gaban baƙi. Ran nan har ya shiɗe, leɓensa ya canza launi. Na tsorata na mayar masa. Daga Uwar Auta.

AMSA: Uwar Auta, ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa ke nan. Mu fara da shiɗewar. Wasu yara tsakanin wata 6 da shekara 6 sukan ɗauke numfashi in kuka ya yi tsanani, leɓe ya yi duhu, wani har ya sume na ɗan lokaci. Ba da niyya suke yi ba, kuma galibi ba ya kai minti ɗaya numfashi ke dawowa da kansa. Ki kwantar da shi a gefensa a ƙasa. Kar a jijjiga shi, kar a watsa masa ruwa, kar a cusa masa komai a baki. Ki kai shi likita ya tabbatar shiɗewa ce, a kuma duba jininsa, domin ƙarancin sinadarin ƙarfe yana ƙara yawan ta. In suman ya wuce minti ɗaya, ko ya zo ba tare da kuka ba, ko jiki ya ci gaba da fizga, asibiti nan take.

Sai wayar. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ita ce kada a ba yaron da bai kai shekara 2 ba kallon allo, mai shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Ba mu ce ki jefar da dabararki ba. Ki raba awar gida biyu, ki ajiye ta don lokutan da hannunki ya fi cika. Ki sauke shirin da zai kalla tun da wuri ki kashe data, saboda bidiyon da ke bin juna ba shi da ƙarshe, yaro kuma ba ya yarda a yanke masa abu a tsakiya. Ki faɗa masa tun farko: "In wannan ya ƙare, waya za ta huta." Saura minti biyu ki tuna masa. Ya ƙare, ki karɓa, ki miƙa masa abin yi na gaba nan take, ko da murfin tukunya da ludayi ne.

Zai yi birgima duk da haka. Ki kawar da abin da zai buge, ki tsaya kusa, ki rage magana, don yaron da ke tsakiyar kuka ba ya jin wa'azi. In kika mayar da wayar bayan kukan minti goma, kin sanar da shi farashinta ke nan, gobe kuma ya san nawa zai biya. Kwana uku zuwa biyar na farko abin zai ƙaru kafin ya ragu, a nan ne kuma yawancin iyaye ke sarewa su ce dabarar ba ta aiki. Baƙi kuwa, duk mai ɗa a cikinsu ya ga irinta. Ki bar waya awa ɗaya kafin barci.

TAMBAYA: Ina waya da wata mai oda sai na ji gida ya yi tsit. Na leƙa na tarar an yi wa bangon falo ado da maka (alƙalamin tawada) da kalar zane, ƙanwar kuma cingam a gashi. Na tambayi mai shekara 4 wa ya yi, ya ce mage, alhali hannunsa shuɗi ne har gwiwa. Yaya zan goge, kuma ɗana maƙaryaci zai zama? Daga Maman mai zane.

AMSA: Kalar zane kaki ce irin na kyandir da launi, don haka maiƙo ke narkar da ita: ɗan mai a tsumma, a goga a hankali, a bi da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke. Maka kuma sifirit ko sanitaizan hannu ke ɗaga ta. Ki diga a auduga ki riƙa dannawa kina sauya audugar, kar ki cuɗa, in ba haka ba tabon ya bazu. Ki fara gwadawa a bayan kujera, domin wani fentin yana fita tare da zanen. In a tufafi ne, ki sa tsumma a ƙarƙashi kafin ki diga sifirit, kuma kar guga ta taɓa shi sai tabon ya fita, zafi kama shi yake yi. Cingam a gashi ba ya buƙatar almakashi. Ki cika wurin da man gashi ko man girki, ki jira minti biyar, ki taje daga bakin gashin zuwa sama.

Ɗanki kuwa lafiyarsa ƙalau. Yawancin yara sukan fara irin wannan ƙaryar tsakanin shekara 3 da 4, lokacin da suka gano cewa uwa ba ta ganin abin da ke cikin kansu. Bai dai gano tana ganin hannunsa ba tukuna. Kar ki yi tambayar da kin san amsarta, don ƙofar ƙarya kike buɗe masa. Ki ce, "Na ga ka yi zane a bango. A takarda ake zane. Ɗauko tsumma." Ya goge tare da ke ko da aikinsa bai taka kara ya karya ba. Ranar da ya faɗi gaskiya, ki nuna masa kin ji daɗi kafin ki zo kan laifin. Yaron da gaskiya ke jawo masa duka ƙwarewa yake yi a ƙarya.

TAMBAYA: Anti, ɗiyata ta taɓa cusa dutsen ado a hanci, na ciro da tsinke da ƙyar. Wata ta ce min na yi ganganci. Haka ne? Daga wata uwa.

AMSA: Ta faɗa miki gaskiya, ƙanwata, Allah ne ya kiyaye. Tsinke, ashana da auduga mai sanda tura abu ciki suke yi, daga can kuma yana iya faɗawa hanyar numfashi. Kada a zuba ruwa, musamman in ƙwayar wake ko ta masara ce, kumbura take yi. In yarinyar ta iya fyace hanci, ki toshe ɗaya ƙofar ta fyace. In ba ta iya ba, akwai dabarar da likitoci da kansu ke sa iyaye su yi: ki toshe lafiyayyar ƙofar hancin da yatsa, ki rufe bakinta da naki ruf, ki hura iska gajeriya mai ƙarfi sau ɗaya. Yakan yi aiki a kusan shida cikin goma. Kin gwada sau biyu ko uku bai fito ba, asibiti. Majina mai wari daga ƙofar hanci ɗaya tak alama ce ta abin da aka cusa tun kwanaki ba a sani ba.

Abu ɗaya ba a yi masa dabarar gida: ƙaramin batir mai faɗi kamar maɓalli, irin na agogo, rimot da kayan wasa masu haske. A hanci ko kunne, asibiti kai tsaye, ba a ɗiga komai. In an haɗiye shi ya maƙale a maƙogwaro, yana iya ƙona nama cikin awa biyu, ko da batirin ya daina aiki, ko da yaron yana wasansa. Kar a sa shi amai, kar a ba shi abinci. In ya haura shekara ɗaya kuma yana iya haɗiya, ana ba shi zuma ƙaramin cokali biyu duk minti goma, har sau shida, a kan hanyar asibiti, ba tare da an tsaya nemanta ba. Jaririn da bai cika shekara ba ba a ba shi zuma sam. Haɗiye maganaɗisu biyu ko fiye shi ma na gaggawa ne, don suna manne hanji da hanji su huda shi.

Tunda muna kan shirun yara, ranar wanki ki zubar da ruwan bokiti da zarar kin gama. Kan mai tatata yakan rinjayi jikinsa, in ya leƙa ya faɗa ba ya iya fitowa, kuma babu ihun da za ki ji.

TAMBAYA: Ɗana yana shekara 6 har yanzu yana fitsarin kwance. Wankin zanin gado ya ishe ni, yayyensa kuma sun sa masa waƙa. Daga Maman Yaya Ƙarami.

AMSA: Waƙar za a fara hanawa, yau ɗin nan. Yana barci abin ke faruwa, kunya da duka ba sa isa inda matsalar take. Wajen yara 15 cikin 100 masu shekara 5 suna yi, kuma kowace shekara wani kaso yana dainawa da kansa. Yana bin jini: in ɗaya daga iyaye ya yi yana yaro, kusan rabin 'ya'ya kan yi, in dukansu biyu ne, wajen uku cikin huɗu. Kina iya tambayar kakarsa ta wajen uba, in kina da ƙarfin hali. Dalilan su ne jiki bai fara rage yin fitsari da dare yadda ya kamata ba, ko mafitsara ba ta riƙe da yawa, ko cikarta ba ta tashinsa daga barci. Taurin bayan gida ma yana jawo shi, saboda cikakken hanji yana danne mafitsara, kuma shi ne abin da aka fi mantawa a duba.

Ya sha yawancin ruwansa da safe da rana, a rage awa ɗaya zuwa biyu kafin barci, a bar shayi da lemo mai gas da yamma. Ya yi fitsari lokacin shirin kwanciya, ya sake yi daf da rufe ido. Tashinsa cikin dare yana ceton katifa amma ba ya koya wa jiki komai. Don sauƙin kanki, ki yi shimfiɗa hawa biyu: leda, zanin gado, wata ledar, wani zanin. Ƙarfe biyun dare ki yaye na sama kawai, kowa ya koma barci. Da safe ya taya ki kai zanin wurin wanki, a matsayin aiki irin na kowa.

In ya kai shekara 7 abin yana damunsa, akwai ƙararrawar da ke kaɗawa da zarar jiƙa ta fara, tana ɗaukar wata biyu zuwa uku kafin a ga amfaninta, akwai kuma magani da likita ke rubutawa. Amma in ya taɓa dainawa na wata shida ya dawo, ko yana jin zafi wajen fitsari, ko yana jiƙa wando da rana, ko yana yawan ƙishirwa yana ramewa, ko yana minshari mai ƙarfi, kar ki jira shekara bakwai, a gwada fitsarinsa a wannan makon.